Sharhi a Kan Bandcamp da Makaɗan da Ba Kasafai Ake Jin Su Ba

Manhajojin sauraron waƙa da suka fi yawa a wayoyin mutane suna da ɗabi'a guda, wato su lura da abin da mutum ya saba ji, sannan su riƙa kawo masa irinsa, har ya wayi gari yana zagaye tsakanin mawaƙa ƙalilan da kowa ya riga ya sani. Wannan ne ya sa na koma neman kiɗa a dandalin Bandcamp, kuma bayan na daɗe ina saurare ina saye a cikinsa, na ga ya kamata in faɗi yadda na same shi, tare da ambaton wasu makaɗa da mawaƙa da na sani ta hanyarsa, waɗanda a ganina sun cancanci a ba su kunne fiye da yadda ake ba su yanzu.

Bandcamp ya fara aiki a Amurka a shekarar 2008, kuma tsarinsa ya fi kama da kasuwa fiye da gidan rediyo. Mawaƙi, ko kamfanin da ke fitar da waƙoƙinsa, shi ne yake buɗe shafi, ya ɗora kundinsa, ya sa farashin da ya ga dama, wani lokaci ma ya bar wa mai saye ya biya abin da ya sawwaƙa. Ana iya sauraron yawancin kundaye kafin a biya komai, idan kuma an saya sai a sauke su a waya ko kwamfuta, ko dai a tsarin MP3 ko a tsarin FLAC wanda ba ya rage ingancin sauti, su zama mallakar mai saye. Abin da ya fi amfanata shi ne ƙananan hotunan da ke ƙasan kowane kundi, na mutanen da suka saye shi. Idan aka latsa ɗaya daga ciki, sai duk abin da mutumin ya tara ya bayyana, kuma wanda ya fitar da kuɗinsa ya sayi kundin da kake ƙauna, da wuya a rasa wani abin kirki a cikin tarinsa. Hanya ta biyu, wadda ta fi wannan tabbas, ita ce bin ƙananan kamfanonin da ke da kunne mai kyau, domin kamfani ɗaya na iya buɗe wa mai sauraro ƙofar makaɗa masu yawa.

Wanda na fi daɗewa a kansa shi ne Hailu Mergia na ƙasar Habasha. A shekarun 1970 yana cikin jagororin ƙungiyar makaɗa ta Walias, wadda ke wasa a otal ɗin Hilton na Addis Ababa a zamanin mulkin soja na Derg, lokacin da dokar hana fitar dare take tilasta wa masu kallo su kwana a wurin, makaɗa kuma su yi ta kiɗa har gari ya waye. A 1981 ƙungiyar ta je rangadi Amurka, sai shi da wasu abokansa suka zauna a can. A 1985 ya naɗi kaset mai suna Shemonmuanaye shi kaɗai, da akodiyon da fiyanon lantarki da na'urar haɗa sauti da kuma na'urar buga ganga, daga baya kuma ya shafe shekaru yana tuƙa tasi a birnin Washington, yana ajiye ƙaramin fiyanonsa a but ɗin mota domin ya riƙa gwaji idan babu fasinja. Kamfanin Awesome Tapes From Africa na Brian Shimkovitz ne ya sake fitar da kaset ɗin a 2013, abin da ya mayar da Hailu fagen wasa, har ya fitar da sabon kundi mai suna Lala Belu a 2018.

Kaset ɗin 1985 ba ya burge mutum a sauraron farko. Na'urar ganga tana bugawa a kan ƙa'ida ɗaya ba ta sauyawa, kuma mai son kiɗa mai tashi da faɗuwa zai iya ƙosawa kafin a yi nisa. Amma a kan wannan bugu marar sauyi ne akodiyon yake yawo da tsoffin karin kiɗan Habasha, yana jan sauti ɗaya ya daɗe a kansa, ya lanƙwasa shi, ya sake shi a daidai inda kunne bai zata ba, fiyanon lantarki kuma yana amsa masa a hankali daga ƙasa. Sai a sauraro na uku ko na huɗu mutum yake fahimtar cewa rashin sauyin gangar ne yake ba wa sauran kayan kiɗan damar yin yadda suke so. Wanda yake son abin da ya fi motsa jiki sai ya fara da Tche Belew, wanda Hailu ya yi da Walias a 1977 aka sake fitar da shi a 2014, domin a can ana jin cikakkiyar ƙungiya da kayan busa.

Kamfanin Sahel Sounds na Christopher Kirkley, wanda ke birnin Portland a Amurka, shi ne ya kai ni ga Mamman Sani Abdoulaye na Jamhuriyar Nijar, wanda ya naɗi kaset ɗinsa na kiɗan ogan a 1978, aka sake fitar da shi a 2013 da sunan La Musique Électronique du Niger. Kiɗa ne mai natsuwa ƙwarai, mafi yawansa babu murya, kuma ya ɗauko karin waƙoƙin gargajiya na yankin ya zuba su a cikin ogan ƙirar Italiya ba tare da ya yi musu ado mai yawa ba. A wannan kamfani ne kuma na samu Les Filles de Illighadad, ƙungiyar da Fatou Seidi Ghali take jagoranta, matashiya daga cikin Abzinawa wadda ta koya wa kanta jita da ta yayanta. Kundinsu na farko na 2016 kashi biyu ne: ɗaya jita ce da murya da aka naɗa a fili, ɗayan kuma kiɗan tende ne, wanda mata suke yi da turmin da aka rufe bakinsa da fatar akuya, da ƙwarya a kife cikin ruwa, da tafi da amshi. Na fi son a saurari kashi na biyu da farko, domin wanda ya ji yadda tende yake maimaita bugu ɗaya muryoyi suna hawa kansa, zai gane daga ina Fatou ta ɗauko salon kaɗa jitarta a kundin Eghass Malan na 2017.

A nan ya kamata in yi wata 'yar togaciya. Yawancin waɗannan mutane ba baƙi ba ne a ƙasashensu. Duk wanda ya tashi yana sauraron rediyo da talabijin na Nijar a wancan zamani ya san sautin ogan ɗin Mamman Sani, ko da bai san sunansa ba, domin da shi ake cike gurbi tsakanin shirye-shirye, kuma Walias taurari ne a Addis Ababa tun kafin wani ya zo ya tono kaset ɗinsu. Kamfanonin da ke sake fitar da tsoffin kaset sun yi aikin da ya cancanci yabo, amma ba su ne suka ƙirƙiro darajar makaɗan ba, kuma ina ƙara amincewa da kamfani idan na ga ya rubuta dogon bayani a kan masu kiɗan, da sunayensu da shekarar naɗi da yadda aka samu izininsu.

Kamfanin Ostinato Records yana cikin waɗanda suka cika wannan sharaɗi. A 2017 ya fitar da tarin waƙoƙin Somaliya mai suna Sweet as Broken Dates, wanda wani ɓangare nasa ya fito daga kaset ɗin da ma'aikatan rediyon Hargeisa suka binne ko suka tsallakar da su iyaka kafin jiragen gwamnatin Siad Barre su yi wa birnin ruwan bama-bamai a 1988, kuma tarin ya shiga jerin masu neman lambar yabo ta Grammy. Muryoyin mata ne suka fi ƙarfi a cikinsa, kuma duk da cewa ana jin shekarun da kaset ɗin suka yi a cikin sautinsu, hakan bai rage musu armashi ba. Wanda wannan tari ya yi wa daɗi sai ya nemi ƙungiyar Dur-Dur ta Mogadishu, wadda kamfanin Analog Africa ya sake fitar da kundayenta biyu na farko a 2018. Daga Ostinato kuma aka samu Beja Power na Noori da ƙungiyarsa ta Dorpa a 2022. Noori mutumin Port Sudan ne a gaɓar Bahar Maliya, daga al'ummar Beja, kuma ya haɗa wuyan jita da tsohon kayan kiɗa mai tsirkiya da ake kira tambur ya samar da abu guda da yake kaɗawa. Kundin bai dogara da waƙar baki ba, jitar ce da saksofon suke musayar magana a kan ganga mai tafiya sannu a hankali, kuma shi ne wanda zan fara miƙa wa mutumin da bai taɓa jin ko ɗaya daga cikin waɗannan ba.

Emahoy Tsegué-Maryam Guèbrou daban take da duk waɗanda na ambata. An haife ta a Addis Ababa a 1923, ta koyi kiɗan Turai tun tana yarinya, sannan ta shiga rayuwar zuhudu a cocin Orthodox na Habasha, ta koma birnin Ƙudus a 1984, inda ta rasu a watan Maris na 2023 tana da shekara 99. Fiyano take kaɗawa ita kaɗai, kuma hannunta ba ya bin ƙidaya madaidaiciya, takan yi jinkiri ta kuma yi sauri a cikin jimla ɗaya ta kiɗa, ta yadda ba za a iya yi mata tafi ba. Duniya ta fi saninta ta kundi na 21 a jerin kundayen kiɗan Habasha na Éthiopiques wanda ya fito a 2006, kamfanin Mississippi Records kuma ya fitar da wani mai suna Jerusalem a shekarar da ta rasu.

Akwai wasu da zan ambata a gurguje. Ƙungiyar WITCH ta Zambiya ta yi tashe a shekarun 1970 da kiɗan jita mai kaushi da ake kira Zamrock, ta kuma dawo da sabon kundi mai suna Zango a 2023 ƙarƙashin tsohon mawaƙinta Jagari Chanda, ko da yake ni tsoffin sun fi kwanta mini a rai. Ichiko Aoba ta Japan tana waƙa da siririyar murya a kan jita, kuma kundinta Windswept Adan na 2020 ya dace da lokacin da mutum yake buƙatar hutu. Meridian Brothers na Eblis Álvarez a Bogota ta ƙasar Kolombiya suna karkatar da kiɗan kumbiya da salsa ta hanya mai ban dariya, wadda ba kowa za ta yi wa daɗi ba.

Batun kuɗi shi ne babban dalilin da ya sa nake saye maimakon in tsaya ga sauraro kawai. Bandcamp yana ɗaukar kashi 15 cikin ɗari na kuɗin waƙar da aka sauke, ya koma kashi 10 idan cinikin mawaƙi ya kai dala 5,000, sannan bayan an cire ladan kamfanin da ya sarrafa biyan kuɗin, ragowar ta tafi ga mawaƙi ko kamfaninsa. Tun ranar 20 ga Maris 2020, lokacin da annobar korona ta hana wasannin kai tsaye, dandalin yake ware wasu ranakun Juma'a da yake yafe kasonsa baki ɗaya. A ɗaya ɓangaren kuma, tun 2024 dandalin sauraron waƙa na Spotify ba ya biyan komai a kan waƙar da ba a saurara sau 1,000 ba cikin wata 12, kuma ƙananan mawaƙa ne wannan doka ta fi shafa. Saboda haka sayen kundi ɗaya na makaɗin da ba shi da mabiya da yawa ya fi masa amfani fiye da sauraro mai ɗimbin yawa a wani wuri.

Dandalin ba na kowa ba ne. Waƙoƙin mafi yawan manyan taurari ba sa cikinsa, kuma ba a gina shi domin wanda yake son ya latsa sau ɗaya kiɗa ya yi ta zuba duk yini ba, sai mutum ya yi bincike da kansa ya kuma karanta bayanai. Saye yana buƙatar katin banki mai aiki a ƙasashen waje ko asusun PayPal. Ya kuma sauya hannu sau biyu a ɗan lokaci, domin kamfanin Epic Games ya saye shi a 2022, ya sayar wa Songtradr a 2023, inda kusan rabin ma'aikatansa suka rasa aiki. Kason da mawaƙa suke samu bai sauya ba bayan hakan, amma duk abin da na saya nakan sauke shi in adana a wuri na dabam, kuma haka nake ba kowa shawara ya yi.

Ustad Naseeruddin Saami na birnin Karachi a Pakistan shi ne wanda ya fi duk sauran buƙatar haƙuri, don haka ya fi kyau a bar shi sai kunne ya saba da waɗanda suka gabata. Yana rera waƙa a tsohon tsari mai matakan sauti 49, waɗanda tazararsu ta yi ƙanƙanta har wanda bai saba ba zai iya ɗauka muryar ta kauce, kuma kundinsa na farko da ya shiga kasuwar duniya ya fito ne daga kamfanin Glitterbeat a 2019, lokacin da ya haura shekara saba'in. Ba a sauraronsa ana wani aiki, kuma lasifikar waya ba ta fitar da ƙananan matakan nan yadda ya kamata, sai an sa abin sauraro mai kyau a kunne an kuma bar waƙar ta kai ƙarshenta.