Wasan boci a makarantar Auta: koci ta ci goma, daren rabon kyauta bai kai biyar ba

Wata ƙanwar ƙawata da suka tare a nan Maryland bara ta kira ni ranar Lahadi, tana tambaya ko ta sa 'yarta a shirin wasannin da makarantun sakandare ke haɗa yara masu buƙata ta musamman da sauran ɗalibai a tim ɗaya. Na ce mata ta sa ta, kada ma ta tsaya shawara. Bayan na ajiye waya sai na ga rabin maganar kawai na gaya mata. Ga sauran nan, don ita da duk mai yaro irin nawa.

Autana shekararsa 16, yana da lalurar Down. A gida da an ce galahanga shi ke nan an rufe babi, sai 'yan uwa su yi ta ce miki Allah ya ba da lada. A nan kuwa takardu ne suka yi mana yawa. A zaman da muke yi da malamansa duk shekara kan tsarin karatunsa, wanda suke kira IEP, wata malama ta ce me zai hana ya shiga boci lokacin hunturu. Ni ko sunan ban taɓa ji ba. Wasan 'yan Italiya ne. Ana fara jefa wata 'yar ƙaramar ƙwallo, sannan kowane ɓangare ya mirgina nasa manyan guda huɗu, wanda ƙwallonsa ya fi kusa da ƙaramar shi ke da maki. Idan biyu ko uku naka sun fi na abokin hamayya kusa, duka a lissafa maka. Filin ƙafa 60 ne a tsawo, 12 a faɗi, ana kewaye shi da bututun roba a tsakiyar zauren wasanni, a kwashe idan an gama.

Tsarin haɗa yaran daga ƙungiyar Special Olympics ya fito, wadda Eunice Kennedy Shriver ta kafa, aka yi gasarta ta farko a Chicago a 1968. Su ne suka sa masa suna Unified Sports. Amma makaranta ce ke gudanar da komai, ita ke ba da koci da mota da riga, ita kuma ke shirya rabon kyauta. Na faɗi wannan tun yanzu don a san inda yabo ya dosa da inda ƙorafi ya dosa.

Shiga babu wahala. Fom ɗin da 'yan ƙwallon kwando ke cikewa shi muka cike, likita ya duba shi ya sa hannu, ba a karɓi ko sisi daga hannunmu ba. Atisaye sau biyu a mako bayan an tashi daga makaranta. Aka ba shi riga mai lamba a baya, da kalar makaranta sak, ba wata ta daban ba. Ranar da za su je wasa wata makaranta, bas mai ruwan ɗorawa ke ɗaukarsu kamar kowane tim. Ranar farko na tsaya a mota ina kallonsa yana hawa, ko waiwayowa bai yi ba. Yaron da sai na raka shi har ƙofar aji.

Kocin, wadda malama ce a sashensu, ita ce ta saye ni. A mako na uku Auta ya yi jifa ƙwallon ta zarce, ya fusata ya sa ƙafa ya shure bututun filin. Ina zaune a benci na fara tattara jaka, na san yadda aka saba: a zo a shafa masa baya a ce ba komai. Ita kuwa ta nuna masa kujera. Ta ce zagaye biyu zai zauna, kuma sai ya ba 'yan tim haƙuri kafin ya dawo. Ya zauna yana huci, ya cika ya yi fam. Da lokaci ya yi ya tashi ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana miƙa hannu. Wallahi ban san sanda hawaye ya zubo min ba. Shekara da shekaru ina neman wanda zai ɗauki yaron nan da muhimmancin da har zai hukunta shi, ban samu ba sai ranar.

Kuma ya iya wasan. Ba don ɗana ne ba. Yana da yadda yake yi: ya goge tafin hannu a wando sau biyu, ya durƙusa har gwiwa ta kusa taɓa ƙasa, ya ɗan fito da harshe, sannan ya saki ƙwallon a hankali kamar mai ajiye ƙwai. Abokin wasansa, wani dogon yaro ɗan ajin ƙarshe, ƙarfi ne ya yi masa yawa, rabin jifansa bango yake duka. A wani wasa cikin Janairu, ana kunnen doki, ƙwallon Auta ta gangara ta goga ta abokan hamayya ta ture ta gefe, ta tsaya. Alƙaliyar wasa ta durƙusa da tef ɗin awo, zaure ya yi tsit, ta auna ta sake aunawa, sannan ta ɗaga hannu ɓangarenmu. Tef ba ya jin tausayin kowa, shi ya sa nake son wasan.

Duk wannan bai faɗo daga sama ba. Wata yarinya ce mai tseren keken guragu, Tatyana McFadden, ta kai hukumar makarantun gundumarsu a nan Maryland ƙara a 2006, saboda an ce ba za ta yi tsere tare da sauran ɗalibai ba, sai dai ta zagaya fili ita kaɗai ana kallo. Ta yi nasara, kuma a 2008 jihar ta yi dokar da ta wajabta wa makarantu ba ɗalibai masu nakasa damar shiga wasanni. Tatyana ce daga baya ta lashe gudun fanfalaƙin Boston da Landan da Chicago da New York duk a shekarar 2013. A watan Janairun shekarar ne kuma ma'aikatar ilimi ta tarayya ta aika wa makarantun Amurka takarda tana tuna musu cewa dokar 1973 da ta hana nuna wa masu nakasa bambanci, sashe na 504, ta shafi filin wasa kamar yadda ta shafi aji. Dokokin nan sun buɗe wa Auta ƙofar zaure. Abin da za a miƙa masa a hannu ranar rabon kyauta kuwa, wannan a hannun makaranta yake.

Sai na yi wa mutanen gida bayanin harafi. A sakandaren Amurka, ɗan wasan da ya wakilci makaranta ya cika sharuɗɗa ana ba shi babban harafin farko na sunan makarantar, an saƙa shi da zare mai kauri kamar darduma. Iyaye su kai shago a ɗinka shi a ƙirjin wata jaket mai jikin ulu da hannun fata. Duk shekarar da ya ƙara, a ba shi ɗan fil ya maƙala a jiki. A wurinmu ƙyalle ne. A wurin yaran nan, wanda ya ratsa farfajiyar makaranta da jaket ɗin kowa ya san matsayinsa. Auta ya sani sarai. Tun Disamba yake nuna min ta dogon yaron nan.

Daren rabon kyautar a ɗakin cin abincin makaranta aka yi, cikin Maris. Mun je da wuri, Auta ya sa farar shadda da hula don shi ya ce su zai sa. Abincin fiza ne, mafi yawa da naman alade, muka lallaɓa muka samu mai cuku zalla, wannan kam mun saba. Aka fara da ƙwallon kwando. Koci ya kira kowane yaro da sunansa, ya faɗi abin da ya yi a kakar, ya miƙa masa harafi, a ɗauki hoto. 'Yan kokawa haka, 'yan ninƙaya haka. Har yaron da ke riƙe wa 'yan kwando littafin maki da gorunan ruwa aka kira aka ba shi nasa, na tafa masa da zuciya ɗaya don ya yi aiki.

Boci aka bari ƙarshe, an fi awa biyu ana abu, wasu iyaye sun fara sa rigunan sanyi suna neman makullin mota. Mai riƙe da makirfo ya ce 'yan boci su taso gaba ɗaya. Ba a kira sunan kowa ba. Ya ce yaran nan sun koya mana darasi, sun taɓa zukatanmu, jama'a suka miƙe tsaye suna tafi kamar rufin zai faɗo. Aka raba musu satifiket na halarta, sunan Auta an rubuta da biro, an ma tsallake harafi ɗaya. Kocinsu tana gefe, ba a ba ta makirfo ba. Ba wanda ya ambaci wasa nawa suka ci, balle jifan Janairu.

Tafin nan ya fi takardar ci min rai. Ba a miƙe wa 'yan kokawa ba, don su an san abin da suka yi, an faɗe shi.

A mota ya yi shiru har muka hau babban titi, sannan ya ce, "Umma, nawa harafin gobe za a ba ni?" Abbansa ya dube ni, na dubi titi.

Washegari Abban Auta ya ce magana ta ƙare, harafin nan ana sayar da irinsa a intanet, mu saya mu kai a ɗinka. Muka je shagon da ke yi wa makarantun yankinmu jaket. Shagon kam ba ni da ta cewa a kansa: tsohon da ke wurin ya auna Auta a tsanake, ya lura hannunsa gajere ne ya ce za a rage hannun rigar kyauta, ya bar shi ya gwada har kala uku. Kuɗin ya haura dala 200. Amma ya ce harafi sai da takardar makaranta, haka suka yi yarjejeniya. Abbansa ya so ya ja magana, na taɓa shi. Na tuna labarin Wichita a jihar Kansas a 2015, inda wata uwa ta saya wa ɗanta mai lalura irin ta Auta harafi ta ɗinka masa, ta ce an sa shi ya tuɓe jaket ɗin a makaranta, abin ya karaɗe ƙasar. Ban shirya a yi wa ɗana haka a gaban yara ba. Kuma ko ba a tuɓe masa ba, shi da ya ga yadda aka miƙa wa sauran nasu, ba zai ruɗu da na saye ba.

Na nemi ganin daraktan wasanni. Mutumin kirki ne, bai yi min hanya-hanya ba. Ya ce harafi na tim ɗin da ake tantancewa ne, inda wasu ke faɗuwa, boci kuwa duk wanda ya zo an ɗauke shi. Maganarsa da ƙamshin gaskiya, yaron da ya yi shekara uku yana fashin barci don ya samu gurbi a tim ɗin kwando yana da haƙƙi kada a arha da abin da ya sha wuya a kai. Sai na tambaye shi, 'yan gudun dogon zango ana tantance su? Ya ce a'a, kowa ya zo. Mai littafin maki fa? Ya yi dariya ya ce na kama shi. Na ce ni ba kyauta na zo roƙo ba, ku rubuta sharaɗi ku ba mu. Atisaye nawa, wasa nawa, wane hali. Idan Auta ya cika ku ba shi irin na kowa, idan bai cika ba ni zan fara gaya masa.

A nan muka raba gari da wasu iyayen tim ɗinmu. Akwai wadda ta ce a ba su duka kawai, ai sun sha wahalar rayuwa. Ban yarda ba, na kuma gaya mata a gabanta. A tim ɗin akwai yaron da bai zo atisaye ya fi sau uku ba. Idan aka ba shi abin da aka ba Auta, an sake maimaita daren nan ne, satifiket ɗin ne kawai ya koma ƙyalle. Ta yi fushi da ni kusan wata guda, yanzu mun shirya.

Wani abu da ya kamata sabuwar uwa ta sani: a Maryland ɗalibi ba ya kammala sakandare sai ya yi awa 75 na hidimar al'umma, kuma a makarantarmu wasu daga cikin abokan wasan suna lissafa boci a cikin awanninsu. Ban ga laifin yaran ba, da yawansu sun zama abokan Auta na gaske, dogon nan har gida ya zo cin shinkafa da miya ranar Sallah. Amma a takarda, ɗaya ya zo hidima ke nan, ɗayan kuma shi ake yi wa. Ki tambayi yadda makarantarku ke yi kafin ki sa hannu. Ki tambayi ko tim ɗin na samun harafi, ki ce a nuna miki a rubuce. Kowace makaranta da nata tsarin, wata a gunduma ɗaya da ku ma tana iya bambanta.

Idan maki zan ba da, koci da atisaye da tafiye-tafiye goma bisa goma. Shagon jaket tara, ɗayan na cire ne saboda tsada. Daren rabon kyauta huɗu, huɗun ma don an gayyace su ɗaki ɗaya da kowa ne.

Cikin Satumba takarda ta zo ta imel, shafi ɗaya, da sa hannun darakta. Sharuɗɗan harafin boci: yawan atisayen da za a halarta, yawan wasannin da za a buga, da shaidar koci. Harafin iri ɗaya da na kowa. Ba a waiwayi kakar bara ba, wadda ta wuce ta wuce, wannan har yanzu yana min ciwo. Na buga takardar na manna a jikin firji kusa da kalanda, Auta yana sa alamar biro a duk ranar da ya je. Makon jiya likitan haƙori ya ba mu ranar Talata ƙarfe uku, daidai lokacin atisaye. Auta ya tsaya a bakin ƙofa da jakarsa a baya ya ce ba inda za shi. Sai da na kira asibitin aka mayar mana Juma'a.