Asabar uku ina raka motoci da kyamara

Shekara shida ke nan ina cin abinci da kyamara, amma kusan duk abin da nake ɗauka a tsaye yake ko a zaune: ango da abokansa, amarya ranar kamu, ɗalibai ranar saukar Alƙur'ani. Mai motsi a cikin aikina bai wuce yaron da ya ƙi tsayawa a layi ba. Rannan sai wani dillalin motoci da nake yi wa hotunan talla ya turo mini wani hoto ta WhatsApp. Mota ce ta fito tar, tayoyinta suna juyawa, bayanta kuwa duk ya shafe ya koma zare-zare. Ya ce irin wannan yake so. Na ce masa ai wannan ba wani abu ba ne. Washegari na tsaya a bakin Titin Zariya na ɗauki hoto ya fi ɗari biyu, ban samu ko ɗaya da zan nuna wa mutum ba tare da jin kunya ba. Wanda motar ta fito, sai ka rantse fakin aka yi da ita a tsakiyar titi. Wanda bayan ya shafe, ita ma motar ta bi shi.

Abin da ya sa ke nan na biya kuɗin wani kwas da wani dattijon mai hoto yake yi a nan Kano, Asabar uku a jere, mu shida. Kuɗin ya yi kusa da abin da nake karɓa a ƙaramin biki guda. Dabarar ita ce bin mota da kyamara tana cikin tafiya. Turawa suna ce mata fanin (panning), shi kuwa Malam rakiya yake ce mata, kuma sunan nasa ya fi zauna mini. Kayan da na je da su ba na nuna wa sa'a ba ne: Canon 600D ta hannu, samfurin 2011, mai ɗaukar hoto ƙasa da huɗu a daƙiƙa, da lens ɗin nan 55-250 da kowane mai hoton biki ya taɓa riƙewa. Biyu daga cikinmu sun zo da sababbin kyamarori marasa madubi, masu zuba hoto kamar ruwan sama.

Asabar ta farko, in faɗi gaskiya, rabinta asara ce. An tara mu a bayan shago ana haska mana majigi, aka ɗauke wuta, aka ɓata kusan awa guda wajen lallashin janareta. Takardar da aka raba mana da Turanci take, kuma kana gani ka san daga intanet aka kwaso ta. Abu ɗaya na tsira da shi: wani tsohon hoto na Bafaranshe Jacques Henri Lartigue, wanda ya ɗauka a wata tseren motoci kafin yaƙin duniya na ɗaya, lokacin bai cika shekara ashirin ba. Tayar motar ta koma kamar ƙwai ta karkata gaba, 'yan kallo kuma sun karkata baya, goshin motar ma ya fice daga hoton. Malam ya ce yaron ya bi motar da kyamara, amma ta fi shi sauri, kuma labulen kyamarar wancan zamani ba ya buɗe hoton gaba ɗaya, ratsa shi yake yi daga wani gefe zuwa wani. Irin abin da kake gani ke nan in ka ɗauki hoto da waya ta tagar mota, turakun lantarki su fito a karkace. Na ji daɗin labarin, amma ban biya kuɗi don labari ba.

Asabar ta biyu ce ta fanshe kuɗina. Muka fita Titin BUK, ya jera mu a gefen hanya, ya ce kowa ya rataye kyamararsa, kada wanda ya taɓa ta. Wajen minti ashirin muna bin motoci da ɗan yatsa kamar mahaukata, masu wucewa na kallonmu. Da ya iso kaina sai ya dafa kafaɗuna ya ce, "Kai da wuya kake juyawa, shi ya sa. Wuya da hannu ba su da aiki a nan. Ƙugu ne zai juya." Ya sa na buɗe ƙafafu daidai faɗin kafaɗa, na manne gwiwoyin hannu a haƙarƙari, na danne kyamara a goshi. Sannan ya gyara abin da ni kaɗai ba zan taɓa ganowa ba. Ni ina fuskantar inda motar take fitowa ne, don haka lokacin da ta iso gabana jikina ya riga ya murɗe, ina ɗaukar hoton a takure. Ya ce ƙafafuna su kalli inda nake so in danna, ko ma ɗan gaba da nan, sai in murɗa ƙugu in taro motar tun daga nesa. Da haka jiki warwarewa yake yi yayin da take matsowa, kamar igiyar da aka murɗa aka saki.

Sai maganar bayan dannawa. Dukkanmu da mun ji ƙarar shota, wato labulen da ke buɗewa haske ya shiga kyamara, sai mu tsaya cak, har ma mu sauke kyamara don mu leƙa allo. Ashe hannu yana fara rage gudu tun kafin yatsa ya danna, domin ƙwaƙwalwa ta riga ta san za a tsaya. "In ka raka baƙo," in ji shi, "a tsakar gida kake juyowa? Ka kai shi ƙofa mana." Wato ka ci gaba da bin motar har ta wuce, ko da shota ta daɗe da rufewa. Daga wannan gyara kaɗai hotunana suka fara kama da abin da dillali ya turo.

Saitin kyamara ba shi da yawa. A Canon ka juya zuwa Tv, a Nikon S, kai ka zaɓi saurin shota, kyamara ta zaɓi faɗin ƙofar haske. Fokas ka sa shi a mai bin abu, AI Servo ko AF-C, da ɗigon tsakiya shi kaɗai, wanda a kyamarata shi ne mafi kaifi a cikin taran da take da su. Ka ɗora ɗigon a kan wuri guda, marikin ƙofa ko kan direba, kada ka bar shi ya zame. Ka riƙe maɓallin ta zuba uku ko huɗu, na tsakiya ne yawanci ke fita.

Saurin shota kuwa, ya ba mu ƙa'idar da masu hoton tsere suke farawa da ita: lambar shota ta yi daidai da gudun motar. Mai kilomita 60 a awa, 1/60 na daƙiƙa. Adaidaita sahu mai tafiyar 30, 1/30. Bai faɗi dalili ba, sai da na koma gida na yi lissafin a bayan rasit. Mota mai kilomita 60 a awa tana cin mita 16 da 'yan kai a daƙiƙa, a cikin 1/60 na daƙiƙa ke nan ta matsa kusan santimita 28. Adaidaita mai 30, a 1/30, shi ma 28. Ko wane gudu ka sa, amsar ba ta sauyawa, kusan tsawon rular 'yan makaranta. Wannan tsawon ne bayan hoton yake shafewa da shi. Ni a Titin Zariya yawanci 1/1000 nake sawa saboda tsoron girgiza, motar ba ta matsa ko santimita biyu ba, ina za a ga gudu? Da na fahimci haka sai na daina haddar lambobi. In ina son zaren ya ƙara tsawo, na rage saurin shota, na kuma yarda cewa hotunan da zan zubar za su ƙaru.

Yanzu ga inda nake da ƙorafi, kuma ba ƙarami ba ne. An sa darasin fita ƙarfe sha ɗaya na safe, a watan Maris, a Kano. Duk mai hoto ya san cewa a tsakar rana, a ISO 100 (ISO shi ne ma'aunin yadda kyamara take jin haske), shota 1/125 tana neman ƙofar haske f/16, kuma gwargwadon girman wannan lambar gwargwadon matsewar ƙofar. In ka sauko 1/30 haske ya ninka sau huɗu, sai f/32, ƙarshen abin da lens ɗina zai iya matsewa ke nan. A nan hoto yake rasa kaifi, kuma duk ƙurar da hunturu ya bari a kan sensa, wato farantin da ke karɓar hoto a cikin kyamara, sai ta fito ɗigo-ɗigo a sararin sama kamar ƙudaje. Fararen motoci kuwa ƙonewa suka yi fat. Maganin abu ne ɗan ƙarami, baƙin gilashin da ake ɗaurawa a bakin lens, wanda ake kira ND. Mai lamba 8 yana rage haske zuwa kashi ɗaya cikin takwas, ya dawo da kai f/11 a 1/30. Malam yana da shi a aljihu, a kan nasa lens ɗin ma akwai, amma ba a rubuta shi cikin kayan da za mu zo da su ba, bai kuma ambata ba sai da na nuna masa allo na ce, "Malam, wannan fa?" Ya ce au, ai ya ɗauka kowa yana da shi. Mu shida muka yi ta karɓa-karɓa da guda ɗaya, wanda ma bai hau bakin lens ɗin mutum biyu ba. Nawa milimita 58 ne, na sayo a cikin makon. Ga mai niyyar saye, ya duba lambar da ke jikin murfin lens ɗinsa tukuna. Kuma in ya ɗauki mai araha irin wanda ake murɗawa ya ƙara duhu, kada ya kai shi ƙarshe, wani baƙin gicciye yake shimfiɗawa a tsakiyar hoto.

Ƙorafi na biyu, an yi mana alkawarin zaure a WhatsApp inda za mu riƙa tura hotuna yana gyara mana. An buɗe zauren. Abin da ake turawa a ciki yanzu gaisuwar Juma'a ce.

Asabar ta uku, bayan mun yi magana, aka mayar da fitar bayan la'asar, kuma nan na ga bambanci. Rana ta yi sanyi, launin ruwan ɗorawa na adaidaita ya fito kamar an zuba masa mai. Nan kuma ya koya mana zaɓen wuri, wanda nake ganin ya kamata a ce da shi aka fara. Bango fili ko sararin sama ba ya nuna gudu, domin babu abin da zai shafe. Kana buƙatar tarkace a baya: allunan shaguna, rumfunan masu lemo, bishiyoyi, mutane masu riguna kala-kala. Abin da mai hoton biki yake gudu a bayan amarya, shi ake nema a nan. Titin ma sai mai santsi. Rakiya gefe zuwa gefe take yi, ba ta da maganin tsalle, don haka kusa da rami ko tudun rage gudu ko ka iya ƙugu motar za ta fito biyu-biyu. Kuma ka ja baya. In ka matso sosai, goshin mota da bayanta ba sa wuce idonka da sauri ɗaya, sai ƙofar direba ta fito tar, fitilun baya su narke. Na ga haka ƙarara a wata doguwar tirela: kan ya fito, bodin kamar an goge shi da tsumma. Daga nesa da dogon lens, a daidai lokacin da motar ta zo saitinka, abin ya fi haɗuwa.

Akwai abin da babu takardar da za ta gaya maka. Mutum ya tsaya a bakin titi a garin nan yana bin ababen hawa da dogon lens, direbobi za su ɗauka lamba yake ɗauka don a ci su tara. Wani mai adaidaita ya wuce, ya yi kwana, ya dawo ya faka a gabana. "Malam, lafiya? Me na yi?" Na juya masa allon. Ya daɗe yana kallo, ga shi nan zaune daram, hularsa har zanen ɗinkinta ana gani, garin kuma ya zama zare a bayansa. Ya ce, "Wai ni ne nake wannan gudun?" Alhali bai fi 30 yake yi ba. Malam dai ya gargaɗe mu tun farko da mu nisanci bariki, shingen jami'an tsaro da ƙofar banki, mu kuma gaisa da masu shagunan wurin kafin mu fara. Shawara ce mai kyau, mai shayin da muka gaisar ma shi ya ba mu benci.

A ranar na ɗauki 340, na ajiye 19, waɗanda zan iya sayarwa a ciki 6. Masu sababbin kyamarori sun fi ni yawan na ajiyewa, ba musu, fokas ɗinsu yana manne wa mota kamar kaska. Amma ɗaya daga cikinsu, wanda bai bar juyawa da wuya ba, ya koma gida da hoto sama da dubu da ba su da maraba da nawa na Titin Zariya.

Wa zan ce ya je? Wanda ya riga ya san shota da ISO, yake neman wanda zai tsaya a bayansa ya dafa kafaɗarsa. Wannan bidiyon intanet ba zai yi maka ba, domin ba ka ganin kanka lokacin da kake juyawa. Sabon shiga zai sha wahala, Malam ba mai maimaita magana ba ne, kuma yakan manta cewa abin da ya sani shekara talatin wani yau ya fara ji. Mai waya ma zai iya zuwa in wayar tana da saitin da ake zaɓar shota da hannu, sai dai ƙofar haskenta ba ta matsewa, don haka sai gab da magariba zai samu yadda yake so. Da za a ji tawa, a soke Asabar ta farko, a mayar da ita titi, a rubuta ND a saman takardar kayan zuwa.

Dillalin ya samu hotunansa. Mun yi su a wani sabon titi a bayan gari, ƙaninsa yana tuƙi a 40, ni ina kan 1/40, ya yi ta kai da komowa har sau goma sha ɗaya kafin na ce ya isa. Mai adaidaita kuwa ya karɓi lambata a ranar, da daddare ya kira ya tuna mini. Na tura masa. Bayan kwana biyu abokan aikinsa uku suka kira, kowa yana tambayar ranar da zan sake tsayawa a Titin BUK, da ƙarfe nawa, don ya wanke mashin ɗinsa.