Gwajin ƙwaƙwalwar da muka yi wa yarona a Abuja, ga yadda na gan shi

Toh ga bayanin da na yi wa iyayen da ke ta tambayata alkawari. Yarona yana shekara 6 aka cire masa ƙari a ƙeya, medulobilastoma likitoci ke kiransa, bayan tiyata aka masa gashi da haske (radiyeshan) a kai da laka sannan kemo wato maganin kansa. Alhamdulillahi ciwo ya tafi, amma bayan shekara 3 malamarsa ta fara cewa ya zama rago, kafin ya kwafi layi biyu an goge allo, a islamiyya kuma hadda ba ta zama. Ni kaina wlh na sha yi masa faɗa, Allah ya yafe min.

Likitansa ne ya tura mu wata cibiya mai zaman kanta, wajen wata ƙwararriya kan halayyar yara. Gwajin WISC ta yi masa, gwajin auna basira ne na yara daga shekara 6 zuwa 16. Akwai inda za a ba shi 'yan tubala ja da fari ya haɗa zane, akwai inda za ta karanto lambobi ya maimaita sannan ya maimaita su a juye, sai wanda zai kwafi alamomi ƙarƙashin lambobi cikin minti 2. A na ƙarshen nan ne na ga abin da idona, duk wanda ya rubuta daidai ne, kawai dai bai yi nisa ba lokaci ya cika.

Bayaninta shi ne abin da ya fanshe kuɗina. Ta ce gashin yana taɓa farin ɓangaren ƙwaƙwalwa wato wayoyin da ke kai saƙo, shi ya sa sauri da riƙe abu na ɗan lokaci da natsuwa su ne suka fi shan wuya a irin yaran nan, kuma ba wai ya manta abin da ya sani ba ne, sabon abu ne yake ɗauka a hankali sai tsaransa su yi ta ba shi rata duk shekara, kuma gwargwadon ƙanƙantar yaro lokacin gashin gwargwadon illar. Ta kuma sa mu je a auna jinsa saboda maganin sisfilatin da aka masa a kemo yana lalata ji, aiko aka samu kunnen hagu ya yi rauni, mu muna ta cewa ba ya jin magana ashe da gaske ba ya jin.

Abin da ban ji daɗi ba, komai da Turanci. Yaron da Hausa yake mafarki a tambaye shi ma'anar kalmomin Turanci sannan a auna makinsa da na yaran Amurka, ina adalci a nan? Ita ma ta yarda, ta ce kar mu ɗauki makin wannan ɓangaren da zafi. Rahoton ma sai da muka yi sati 3 muna bibiya, kuma tsada kam ba a magana.

Duk da haka maki 4 cikin 5 na ba cibiyar. Mun kai takardar makaranta, yanzu a gaba yake zama, ana ƙara masa lokaci a jarrabawa, malam kuma aya biyu yake ba shi maimakon shafi. In za ku je ku tafi da takardun asibiti duka, ku nemi lokacin safe don yaro yana saurin gajiya.