RZV500R ko RG500 Walter Wolf: wanne ya cancanci wahalar gyara?

Ɗan'uwa, ka ce dillalin da ke nemo maka babura a gwanjon Japan ya turo maka hotunan guda biyu, Yamaha RZV500R da Suzuki RG500 Gamma mai fentin Walter Wolf. Dukkansu sun daɗe a ajiye ba a tayar ba, kuɗinka kuma na ɗaya ne, kana tambaya wanne za ka ɗauka ka farfaɗo da shi. Ni dai RZV ɗin zan ce, sai fa idan mai Suzukin ya kawo takardu. Bari in shimfiɗa maka su gefe da gefe.

Asalinsu kusan ɗaya ne. Dukkansu tu-sitirok ne, irin injin da ke ƙona baƙin mai tare da fetur kamar tsohon Suzuki A100 da muka taso muna jin ƙararsa, sai dai waɗannan silinda huɗu ne, cc 500, ruwa ke sanyaya su, kowanne da karanshaf biyu. Yamaha ta fito da nata a 1984 tana kwaikwayon YZR500 na Kenny Roberts, wanda ya ci kambun duniya a 1978, 1979 da 1980. Suzuki ta biyo baya a 1985 da nata tarihin na waɗanda suka ci kambun a kan baburanta: Barry Sheene a 1976 da 1977, Marco Lucchinelli a 1981, Franco Uncini a 1982. Cikin 'yan shekaru aka daina ƙera su duka.

Inda suka rabu, kuma inda nake so ka fi tsayawa, shi ne abin da ya sa kowanne yake da wuyar samu.

Babur ɗin da Yamaha ta sayar a Turai sunansa RD500LC, a Kanada da Ostireliya RZ500, casis ɗinsa na ƙarfe ne. RZV500R kuwa don kasuwar Japan kaɗai aka yi shi, guda 1,600 kacal, da casis na alminiyom wanda aka yi wa walda da hannu, ya fi na Turan sauƙin nauyi da kimanin kilo 9. Wato darajarsa a cikin ƙashin babur ɗin take, mai fenti ba ya iya ƙirƙiro ta. Binciken ma ba ya cin lokaci. Lambar casis ɗin RZV ta fara da 51X, na Turai na farko da 47X. Ka ce a manna maganaɗisu a jikin casis a ɗauko maka bidiyo: idan ya kama, ƙarfe ne, ba RZV ba ne. Agogon gudunsa kuma a 180 ya tsaya, da jar fitilar da ke kamawa idan an wuce kilomita 80 a awa, kamar sauran baburan Japan na wancan zamani.

Walter Wolf labarinsa daban. Mutumin attajiri ne ɗan Kanada da ya yi arziki a harkar man fetur, shi ne mai tawagar tseren motar da Jody Scheckter ya ci mata gasar Ajantina a 1977, fitarta ta farko. Daga baya launukansa, shuɗi mai duhu da ja da ruwan zinare, suka hau babur ɗin Suzuki da Masaru Mizutani ke tsere da shi a gasar Japan, sai kamfanin ya fitar da wasu RG500 a cikin wannan riga. Kyau kam akwai shi, na yarda. Amma inji da casis duk na RG500 ne da aka saba, wanda aka ƙera sama da 9,000. Abin da ake ƙara kuɗi dominsa fenti ne da sitika da kujera, kuma duk ana buga sababbinsu yau. Mai gwanintar fesa fenti zai iya mayar da RG500 fari da shuɗi ya zama Walter Wolf cikin mako guda.

Saboda haka binciken wannan ya fi tsawo. Ka fara da lambar casis: RG500 da HM31A take farawa. Idan ka ga HK31A to RG400 ne, ƙanensa mai cc 397, wanda shi ma an yi shi da fentin Walter Wolf, a hoto kuma da wuya ka bambance su. Bayan nan sai takardun rajistar farko, rasit ɗin dilan da ya fara sayar da shi, tsofaffin hotuna, duk abin da zai ɗaure wannan lamba da wannan launi tun daga masana'anta. A cire tanki da robobin gefe a ɗauki hoton cikinsu, domin mai sake fenti yakan manta da ciki, tsohon launi ya leƙo ta gefen ramin noti. Idan ba a samu ko ɗaya ba, kada ka biya sama da kuɗin RG500 na gama-gari.

Wannan bambanci har gyaran yake bi. A RZV kana iya sake fenti hankalinka kwance, 51X na nan daram. Abin tsoro shi ne casis: idan ya taɓa lanƙwasa a hatsari ko ya tsage wajen wuya, miƙe alminiyom ba aikin kowane mai walda ba ne, kuma ba za ka shiga kasuwa ka sayo wani ba. A Walter Wolf na asali kuwa, ranar da ka kankare tsohon fenti ka goge shaidarka da hannunka. Gara ya zauna da kushewarsa da 'yan ƙarce-ƙarcensa, a wanke, a goge, a bar shi.

Ta ɓangaren inji babu mai sauƙi a cikinsu, kuma shawarata ɗaya ce ga duka biyun: kada ka bari a buga kik don a ji ƙara. Sil ɗin karanshaf na roba ne, bayan shekara kusan 40 ya bushe, iska za ta riƙa shiga ta inda bai kamata ba, fetur ya yi ƙaranci, fistin ya yi zafi ya kama, injin ya yi nokin. A sauke shi a buɗe, a sake sil da boris na karanshaf biyun, a duba famfon baƙin mai da siraran tiyo huɗu da ke kai shi, a wanke tanki da lagireto da kabireta huɗu.

Daga nan kowanne da halinsa. Silindojin Yamaha a siffar V suke, kwana 50 tsakaninsu, da bawul na salansa da ake kira YPVS wanda ƙaramin moto ke ja da waya, dole saitin huɗun ya zo daidai. Wuri a matse yake ƙwarai: kabiretoci a gefe, salansa biyu sun bi ta ƙarƙashin kujera, shokozoba na baya an kwantar da shi a ƙarƙashin inji don babu inda za a sa shi. Bakanikenka zai sha cire abu uku kafin ya kai ga ɗaya. Na Suzuki silindoji huɗun a murabba'i suke, biyu gaba biyu baya, fetur na shiga ta wasu faya-fayai masu juyawa a gefen inji, tsarin da aka ɗauko kai tsaye daga babur ɗin tsere. Faya-fayan da murafensu suna cinyewa, a auna su. Idan allurar kabireta na yoyo kuma, fetur ya riƙa gangarawa cikin inji yana taruwa alhali babur na tsaye.

A kan titi Suzuki ne gaba, wannan ba na jayayya. Na ƙasashen waje ƙarfin doki 95 gare shi, nauyinsa bai kai kilo 160 ba in babu mai da ruwa. RD500LC doki 88 ne, nauyin RZV kuma kilo 173. Sai dai duk wanda aka sayar a Japan, Yamaha ko Suzuki, an daƙile shi zuwa doki 64 ta hanyar salansa da saitin kabireta. Ana iya buɗe su, amma ka adana kayan asalin da ka cire a kwali, kada ka yar.

Don haka idan hawa ne burinka, RG500 ka nema, ko da fentin jabu ne, muddin farashin na gama-gari ne. Tunda ka ce abin ajiyewa kake so wanda ba kowa ke da shi ba, ka tura wa dillalin buƙatu uku yau: hoton lambar casis da ta inji na kowanne, bidiyon maganaɗisu da hoton waldar wuyan RZV daga kusa, da duk takardar da ke bin Suzukin. Idan wuyan RZV lafiya lau yake, Suzukin kuma ya zo babu takarda, ka biya kuɗin Yamaha.