Yadda ake binciken zazzaɓi a Ingila, da inda muka sha bamban

'Yan'uwa na gida, a nan Ingila duk wanda ya dawo daga Najeriya ko Nijar da zazzaɓi, tambayar farko ita ce yaushe ya sauka. In bai wuce kwana 21 ba, sai an auna haɗarin zazzaɓin Lassa tukuna. Daga nan a ɗebi jini don maleriya: gwajin gaggawa da kuma shafa jini a gilashi a duba ta madubin likita. In ba a ga komai ba, ana maimaitawa bayan awa 12 zuwa 24, har sau 3, kafin a ce babu.

Babban bambancin yana wajen taifot. Gwajin Widal da muke dogara da shi a gida, nan ba a amfani da shi, kuma suna da gaskiya. Maleriya kanta kan sa ya nuna akwai, haka tsohon kamu ko allurar rigakafi. Daga nan ne "maleriya da taifot" ta yawaita a takardunmu. Su kalca suke yi, wato renon ƙwayar cutar daga jinin majiyyaci: jini mililita 8 zuwa 10 a kowace kwalba ga babba, a rene shi kwana 2 ko fiye, a ga ƙwayar, a san maganin da ke kashe ta. Sharaɗin shi ne a ɗebi jinin kafin a sha maganin ƙwayoyin cuta. Wanda ya riga ya sayi siprofulozasin a kemis ya sha, ƙwayar kan ƙi tsirowa. Nan ba a sayar da shi sai da takardar likita.

Dengi kuma, wani zazzaɓin da sauro ke yaɗawa, gwajin NS1 mai neman ɓangaren ƙwayar cutar a jini ke kama shi a kwanakin farko, gwajin IgM mai neman garkuwar da jiki ya samar sai bayan kwana 5. Muddin ana zarginsa, farasitamol kawai, ban da asfirin da ibufurofen, saboda zubar jini.

Abin da ya fi damuna a gida: ganin ƙwayar maleriya a jini ba ya nufin ita kaɗai ce. Gwajin gaggawa kan ci gaba da nuna akwai makonni bayan an warke, alhali sanƙarau ko nimoniya na cin mutum. In zazzaɓi bai sauka ba bayan kwana 3 na magani, a koma asibiti.

Gida ma ta fi su wani abu. Idon ma'aikatan gwajinmu ya saba da ƙwayar maleriya, nan kuwa likitan unguwa zai iya ɗauka mura ce, ga doguwar jira a sashen gaggawa. Sai dai binciken maleriya da taifot da maganinsu kyauta ne a asibitin gwamnati, ko ga baƙo. Wanda ya zo, ya faɗi ƙasar da ya fito tun kafin a tambaye shi.