Rakoda ko gwajin DNA? Ga mai neman tarihin gidan fatomansu

Malam, tunda ka ce kuɗin ba za su ɗauki biyun ba, ko gwajin asali na DNA da ake aikawa waje, ko 'yar rakoda ka bi tsofaffi don tarihin gidan kakanku mai saukar da fatake, to sayi rakoda. Ni duka biyun na kashe wa kuɗi. Ɗaya tana aljihuna har yau, ɗayan kuwa ban san ma inda takardarsa ta shiga ba.

Kakan mahaifina fatoma ne, gidan yana can wajejen Ƙofar Guga a birnin Katsina. Har na girma abin da na sani bai wuce "da can Buzaye na sauka gidanmu" ba. Wadda ta rage cikin masu sanin abin ita ce Gwaggo, yayar babanmu. Ranar farko da waya na je mata. Ta fara ke nan kira ya shigo, na ce a yi haƙuri, kafin in gama ta juya zance kan tsadar gero, ba ta sake komawa ba. Shi ya sa na nemo 'yar rakoda mai cin ƙananan batura biyu. Nakan gaya mata na kunna, in aje ta gefen kwanon goro, minti biyar ta manta da ita.

Ga kuskuren da na yi, kada ka maimaita. Na fara da "wa ya haifi wane". Suna uku ta lissafa ta yi shiru. Da na koma sai na ce, Gwaggo, wai su wa ke sauka gidan nan? Ta dube ni ta ce, "Yo sai yau wani ya tambaye ni." Ta dogara sanda ta kai ni bayan zaure, ɗakin da yara ke jibge tsofaffin kekuna, ta ce nan ne ɗakin mutanen Azbin. Da ɗari suke zuwa, da kantun gishirin Bilma da dabino, su koma da gero da tufafin da aka rina. Raƙuma ba sa shigowa, a zango ake barinsu bayan ganuwa, kaya kawai ake kawowa. Wani ɗaki mai duhu, marar taga, na 'yan goro ne masu zuwa Gwanja, don huhun goro ba ya son zafi, sai ana buɗewa ana yayyafa ruwa ana tsince wanda ya lalace. Ni da na ɗauka rowar taga aka yi wa ɗakin.

Daga bakinta na fahimci sana'ar ma. Fatoma ba ya karɓar kuɗin kwana. Ya ba baƙo ɗaki, ya ciyar da shi, ya tsare masa kaya, ya nemo dillali, ya yi tafinta, in za a ba da kaya bashi ya tsaya lamuni, sannan ya ci la'adarsa. Wahalar kuwa ta mata ce. Ta ce kakarta tun asuba ake jin taɓaryarta, don tuwon baƙi daban, furarsu daban, kuma Buzu bai yarda da fura marar nono ba. Sunayen matan nan ba za ka same su a wata takarda ba, sai a bakin irin su Gwaggo. Cikin wannan hira ta ambaci wani baƙo da ciwo ya tsare, ayarinsu ya tafi ya bar shi, ya yi damina a gidan, ƙarshe aka ba shi ɗiyar maigidan ya tafi da ita Tasawa ta ƙasar Nijar. Na bi sunan, na tarar da jikokinsu, yanzu har biki muna zuwa wa juna. Da na tambaye ta yadda gidan ya mutu, cewa ta yi jirgin ƙasa ya cinye raƙuma. Ba ta san shekara ba, amma dogo ya iso Kano a 1911, ciniki ya karkata can da gyaɗa, daga baya motoci suka ƙarasa sauran.

Shi gwajin DNA, ana ce masa gwajin jini amma yawu ne kake tofawa a 'yar kwalba. Wani ƙanena ya zo mini da shi daga Ingila, na biya kuɗin da ya isa ɗan rago, na jira wajen wata biyu, aka aiko mini da taswira cewa ni mutumin Afirka ta Yamma ne. Na gode, dama ban yi zaton Bajamushe ba ne. Yakan haɗa ka da dangi ne kawai in su ma sun yi gwajin a wuri ɗaya, to mutanen Tasawa nawa suka tofa yawu aka kai Turai?

In ka tara sunaye a rakoda, sannan takardu za su yi maka amfani. A gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna akwai fayilolin lardin Katsina, amma ka tuna Katsina ba ta zama lardi mai zaman kansa ba sai 1934. Kafin nan tana ƙarƙashin Zariya daga 1926, kafin Zariya kuma Kano, saboda haka na zamanin Sarki Dikko na farko-farko cikin fayilolin lardin Kano za ka laluba. Rabon gado a littattafan alƙalai, da Larabci yake, ka tafi da mai karanta maka. Baturen nan Barth, da ake kira Abdulkarim, ya shigo Katsina a 1851 ya kuma rubuta sunayen unguwannin birni, in Gwaggonku ta faɗi wata unguwa da ba a jin sunanta yanzu, can za ka gwada.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da mutum biyu. Na farko mai sayar da rakoda da katin ajiya na jabu: a jikin katin an rubuta babbar lamba, ka ɗauki hirar awa biyu ka dawo gida ka tarar wayam. Ka gwada a gaban mai shagon, ka ɗauki magana mai tsawo ka saurara, kuma duk hirar da ka yi ka kwafe ta a kwamfuta a daren. Na biyu ya fi haɗari. Da zarar an ji kana neman asali, wani zai ɓullo da takardar ajami da aka jiƙa a ruwan shayi aka shanya kan hayaƙi, da salsalarku har zuwa Bayajida ko wani sharifi, ya ce a ba shi na goro mai nauyi. Tsohuwar takardar da fatake ke kawowa ta Sahara sau da yawa in ka ɗaga ta a rana za ka ga alamar jinjirin wata uku a cikinta. Wanda ya kawo mini tasa, da na ɗaga, layin littafin makaranta na gani.

Ka riƙa goro da ɗan turare, ka je da hantsi bayan ta karya kumallo, kuma kada ka tafi da taron yara. In akwai tsohuwar maƙwabciya sa'arta, ka sa a kira ta, gardamar da za su yi kan wane ɗaki ne na wane ta fi duk tambayar da ka shirya.