Tumbuɗi ne ko iska? Saƙo daga Ingila zuwa ga masu jego da iyayenmu mata

Assalamu alaikum iyayenmu, yayyenmu da ƙannenmu masu jego. Muna gaishe ku da ɗawainiyar yara. Saƙon da ya fi zuwa mana daga gida a kan jarirai kusan iri ɗaya ne: yaro yana kuka bayan ya sha nono, yana murɗe-murɗe, yana dawo da abin da ya sha, don Allah a aiko da maganin ciwon cikin jarirai na Turawa. Shi ya sa muka ga ya kamata mu bayyana muku yadda ake bi da wannan matsala a nan Ingila, abin da ake sayarwa a kanti, abin da asibiti ke bayarwa, da inda muka ga gida ya fi.

Abu biyu ne ake haɗawa a kira su ciwon ciki. Akwai iskar da yaro ya haɗiya tare da nono ta tsaya masa. Akwai kuma tumbuɗi, wato nonon da ya riga ya sauka ya sake hawowa. A daidai inda hanyar abinci ta haɗu da tumbi akwai wata tsoka da ke tsuke bakin tumbin, kamar yadda mazagi ke tsuke ƙugun wando. A jariri tsokar ba ta gama ƙwari ba, abincinsa ruwa ne zalla, ga shi kullum a kwance, don haka nono ba ya shan wahalar komowa. Hukumar NICE, mai tsara wa likitocin nan ƙa'idojin aiki, ta fitar da ƙa'ida a kan wannan a 2015. A ciki ta ce aƙalla jarirai 4 cikin 10 suna tumbuɗi, yawanci yana farawa kafin mako 8, kuma 9 cikin 10 sun daina kafin su cika shekara. Yaron da ke tumbuɗi yana wasa, yana ƙiba, ba a ɗaukarsa mara lafiya a nan, kuma ba a ba shi magani. Aikin wanki kawai ya ƙara wa uwarsa.

To yaya za a rarrabe? A kalli ƙafafu da baya. Mai iska yakan naɗe ƙafafunsa zuwa ciki, ya dunƙule hannu, fuska ta yi ja, in an taɓa cikin a ji shi tam kamar ganga. Yakan saki nono ana tsakiyar sha, ya yi ta yunƙuri. Babbar shaida ita ce abin da ke biyo baya: da zarar ya yi gyatsa ko tusa sai jikinsa ya saki, kukan ya yanke, sau da yawa ma ya nemi nonon da ya ƙi ɗazu. Wanda tumbuɗi ke damunsa kuwa miƙewa yake yi ya banƙare baya, ya kawar da kai daga nono. Yana yawan shaƙuwa da tari lokacin sha, bakinsa da wuyan rigarsa suna warin tsami. Yana kafaɗa lafiya lau, ana kwantar da shi sai kuka, kuma gyatsa ba ta raba shi da damuwar. Akwai wanda ma ba a ganin komai ya fito, nonon yana hawowa ya haɗiye shi. Irin wannan, in aka kasa kunne bayan ya gama sha za a ji yana ta haɗiya ba komai a bakinsa, yana yamutsa fuska.

Sau da yawa abubuwan biyu suna tare, domin iskar da ke ƙarƙashin nono in za ta fito takan turo nonon da ke samanta. Don haka ake fara gyara hanyar shayarwa kafin a yanke hukunci. Kukan yamma kuma, wanda yaro zai ɗauki sa'o'i yana yi ba dalili, yakan kai maƙura wajen mako 6 zuwa 8 ya lafa a wata 3 zuwa 4, ba lallai ne iska ko tumbuɗi suka kawo shi ba.

Abin da ya fi burge mu a nan ba magani ba ne, sikeli ne da littafi. Bayan haihuwa ungozomar asibiti tana biyo mai jego har gida, wajen kwana 10 zuwa 14 sai wata ma'aikaciyar lafiya mai kula da yara ta karɓa, a mako 6 zuwa 8 likitan unguwa ya duba yaron. Kowane yaro yana da jan littafi da ake rubuta nauyinsa a ɗora shi a kan layin girma. In uwa ta kai ƙorafin tumbuɗi, tambayar farko ita ce nauyi, ta biyu fitsari: daga kwana 5 ana so a ga ya jiƙa ƙunzugu sosai aƙalla sau 6 a yini da dare. Sannan a zauna a kalli yadda yake kama nono. Duk wannan ba abin da ba za a iya yi a gida ba. Katin rigakafin da ake bayarwa a asibitocinmu yana da layin nauyi, sai dai da yawa ba ma neman a cike mana shi. A riƙa kai yaro awo wata-wata, a kuma nace a rubuta.

Kamun nono shi ne tushen iska. Bakin yaro ya buɗe sosai, haɓarsa ta taɓa nono, leɓen ƙasa ya juyo waje, ya cika baki da baƙar fatar da ke kewaye, ba kan nonon kaɗai ba. In ana jin ƙarar tsotsa kamar yana taɓa harshe da ganɗa, iska ce ke shiga, a sa ɗan yatsa a gefen baki a cire shi a sake kama masa. Kada a jira sai ya yi kuka ya gaji, mai kuka iska yake haɗiya. Mai shan fida kuma, a karkata ta yadda robar bakin za ta cika da madara, a bar kumfar da girgizawa ta tayar ta kwanta, kuma kada a faɗaɗa ramin robar da allura kamar yadda ake yi in za a ba da koko. Kantunan nan cike suke da fidoji masu hanyar fitar da iska, masu tsada, amma ba su gyara mummunan riƙo.

Yawan madarar gwangwani ma ana lissafa shi: kimanin mililita 150 a kan kowane kilo na nauyin yaro a awa 24. Yaro mai kilo 4 zai sha wajen 600, in an raba sau 8 ya zama 75 a kowane sha. Wanda ake ɗura wa 120 a lokaci guda dole ya dawo da saura. Matakin farko a nan shi ne rage yawan a ƙara yawan lokutan.

Wajen fitar da gyatsa, ko a ɗora shi a kafaɗa ana shafa baya, ko a zaunar da shi a cinya a tallafi haɓarsa da tafin hannu, ban da maƙogwaro, a ɗan sunkuyar da shi gaba. Minti kaɗan ya isa, a tsakiyar sha da bayansa. In iskar ta sauka ƙasa, a kwantar da shi rigingine a shafa cikin yadda hannun agogo ke juyawa, domin haka babban hanji ya bi, a motsa ƙafafun kamar mai tuƙa keke. Mai tumbuɗi ba a yi masa wannan da cikakken ciki, riƙe shi ake yi a tsaye minti 20 zuwa 30 bayan sha. A nan ne gida ya yi wa Ingila nisa. Matan nan kuɗi suke sawa su sayi majanyi na musamman, har a koya musu ɗaurawa, alhali ku goyo gadonku ne, ga kaka ga gwaggo masu karɓar yaro. Mai jego a nan sau da yawa ita kaɗai ce da jaririnta a ɗaki. A dai kula kada majanyi ya matse ciki bayan sha, fuska kuma ta zama a sarari.

Barci kuwa rigingine ne a kan shimfiɗa miƙaƙƙiya mai ƙwari, ko da yaro yana tumbuɗi. Ba a sa filo, ba a kifa shi, ba a ɗaga kan gado. Jaririn da ke rigingine yana iya haɗiyewa ko tofar da abin da ya hawo, kifawa kuwa tana ƙara haɗarin mutuwar farat ɗaya a cikin barci. A Amurka har doka aka yi a 2022 ta hana sayar da gadajen jarirai masu gangara, saboda yaran da suka rasu a cikinsu.

Sai magungunan da kuke tambaya. Infacol ɗigo ne da ake ba yaro kafin sha don ya haɗe ƙananan kumfar iska, ana sayensa ba takardar likita, amma bincike bai nuna yana da wani tasiri mai ƙarfi ba, kuma ba ya taɓa tumbuɗi. Giraf wata na Woodward's, wanda kuka sani a kemis, a nan ma akwai shi, ba a ba yaron da bai kai wata ɗaya ba, shi ma hujjarsa ba ta da ƙarfi. Gaviscon na jarirai gari ne a ƙunshi, yana kaurara abin da ke cikin tumbi. Likita ne ke rubuta shi, gwajin mako 1 zuwa 2, kyauta, domin maganin yara 'yan ƙasa da shekara 16 ba a biya. Wanda bai kai kilo 4.5 ba awo ɗaya, wanda ya wuce biyu, kada a wuce sau 6 a awa 24. Yana sa taurin bayan gida, ba a haɗa shi da madara mai kauri, kuma akwai gishiri a cikinsa, shi ya sa aka hana shi ga mai zazzaɓi, mai gudawa, ko inda ɗaki ya yi zafi sosai. Ku tuna zafin Sakkwato ko Maraɗi a watan Afrilu. Wannan ne dalilin da muke ƙin sako shi a jaka a kawo muku ba tare da likita ya ga yaron ba. Gaviscon na manya kuma dabam ne, ba a ba jariri ko kaɗan. Omeprazole yana rage tsami ne kawai, ba ya hana nono hawowa, sai yaro yana ƙin sha ko ba ya ƙiba ake gwada shi na mako 4. In kuma da ƙuraje, gudawa ko majina da jini a bayan gida, ana zargin jikinsa ne ba ya son madarar shanu, a canza masa madara, ko uwa mai shayarwa ta ƙaurace wa nonon shanu, kindirmo da madara na 'yan makonni a gani.

Iyayenmu, muna roƙonku da girman Allah a kan abu uku. Zuma ba ta dace da yaron da bai shekara ba, tana iya ɗauke da ƙwayar cutar da ke shanye jikin jariri. Jiƙo da ruwa suna cika ɗan tumbin su ƙara tumbuɗi, nono kaɗai ya ishe shi wata 6. Beli kuma ba shi ke kawo amai ba, cire shi jini da ciwo kawai yake jawowa. Duk maganin ruwa da za a saya a duba lambar NAFDAC, ba mu manta yara fiye da 80 da gurɓataccen maganin haƙori ya kashe a Najeriya a 2008 da farkon 2009 ba.

Akwai alamun da a nan ake kiran lambar wayar neman shawarar lafiya ta 111 ko a wuce sashen gaggawa nan take, ku ma kada ku kwana da su. Amai kore ko ruwan ɗorawa, amai da jini, ciki ya kumbura yana zafi, maɗiga ta taso ko ta faɗa, yaro ya yi laushi ya ƙi sha, ko zafin jiki ya kai 38 ga wanda bai kai wata 3 ba. Aman da ya fara bayan wata 6 ko ya ci gaba bayan shekara shi ma a nuna wa likita. Sai kuma aman da ke feshi da ƙarfi har ya tsallake cinyar uwa, ga yaro ɗan mako 2 zuwa 8, musamman namiji, yana gama amai ya sake neman nono da yunwa, yana ramewa. Wannan mafitar tumbi ce ta toshe, hoton ciki ke nuna ta, ƙaramar tiyata ke gyara ta, kuma ana yin ta a manyan asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano da na Shika a Zariya. In za a tafi, a riƙe katin awon yaron, a kuma faɗa wa likita sau nawa ya yi amai, wane launi ne, da sau nawa ya yi fitsari tun jiya.